Yadda Za Ka Kori 'Yar Makaranta Daga Bakin Jirgi da Jiƙaƙƙen Danej

Kai heluma, matso kusa. An turo maka yarinya mai digiri ta riƙa duba lodin da ka fara yi tun ba a haife ta ba, ko? Kuma an ce ba za a rufe rumbun jirgi ba sai ta sa hannu? Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari kafin watanninta shida na gwaji su cika za ta ajiye hular kwano ta koma gida tana sharar hawaye. Tabbas ne, babu ko shakka.

Ba daga kaina na ƙago su ba. Daga wajen Staf Verlinden na kwaso, heluma, wato shugaban 'yan lodi, a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana lodin ƙarfe. Shi ya gwada su a kan Tinne Van Looveren, 'yar direban bas, mai shekara ashirin da biyar, wadda ta yi shekara huɗu a makarantar aikin jiragen ruwa da wata goma a teku. Ranar Juma'ar ƙarshen Nuwamba gwajinta zai ƙare: ko a ba ta takardar aiki ta dindindin, ko a nuna mata ƙofa. Staf ya rantse a gaban yaransa ƙofa za a nuna mata.

Mataki na 1: Kada ka yarda ka san ma'anar kalmar

Za ta zo maka da bayani. Za ta ce danej shi ne duk abin da ake sawa a ƙarƙashin kaya, da tsakaninsu, da gefensu, don kada su gogi juna, kada su zame, kada su sha ruwa: falankai, weji na tokare kaya, tabarmi, takarda mai kauri, har da buhunan da ake hura wa iska. Za ta ce ba kaya ba ne, ba wanda ya yi odarsa daga wata ƙasa, idan jirgi ya isa ma zubar da shi ake yi, amma a kansa kayan suke kwana har su isa.

Kada ka saurara. Sani nauyi ne, kai kuma bayanka ya riga ya gaji.

Ranar da Tinne ta fara aiki ta tambayi Staf ina ake ajiye danej. Ya dube ta daga hula har takalmi, ya juya ga Swa, tsohon ɗan lodin da ke sa wa kaya ƙugiya.

"Swa, nuna wa yarinyar nan inda muke tara shara."

"Danej na ce, Oga Staf."

"Shi na ce ai. A makaranta danej, a nan shara."

Ka ga gwaninta? Da kalma ɗaya ya share shekara huɗu.

Mataki na 2: Ka laƙaba mata suna

A bakin jirgi ba wanda ke yawo da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Saboda haka ka yi sauri ka zaɓa mata, kafin wani mai kirki ya riga ka. Staf ya ga biro a aljihun rigarta, shi ke nan ta zama Biro.

Tana da wata 'yar na'ura mai allura biyu da take cakawa a jikin katako ta ga yawan danshin da ke ciki. Wannan ma abin dariya ne, kada ka bar shi ya wuce a banza.

"Ke Biro! Zo ki caki wannan, tun safe yake tari, ina jin zazzaɓi ne."

"Biro, gwada kan Swa mana, mu ga ko akwai ruwa a ciki!"

"Ba sai na gwada ba," in ji Tinne, ba ta ko ɗago kai ba. "Daga nan nake jin yana kaɗawa."

Idan irin haka ta faru yaranka suka yi dariya, ka daka musu tsawa su koma aiki. Dariyar da ba kai ka haddasa ba ɓata lokaci ce.

Mataki na 3: Ka bar sanyi ya taya ka

Ba sai ka yi komai da hannunka ba. Rumbun jirgi ya fi gida mai hawa huɗu zurfi, tsaninsa na ƙarfe ne, a watan Nuwamba kuma yana kama tafin hannu ko da safar hannu. Ka kira ta ƙasa ta duba weji. Da ta hau, ka sake kiran ta. Staf ya taɓa sa Tinne ta sauka sau goma sha ɗaya kafin hutun safe, a na ƙarshe ya ce ya manta abin da zai tambaye ta.

Ta hau, ta sauka. Yatsunta suka tsattsage, ta naɗe su da filasta. Banɗakin mata yana can ofishin bakin ƙofa, tafiyar minti goma sha biyu, sai ta daina shan ruwa da safe. A ɗakin hutu kujerarta ita ce ta bakin ƙofa, inda iska ke shigowa duk wanda ya buɗe. Nan take cin burodinta da cuku, ita kaɗai, bayanta a miƙe kamar tana gidan sarauniya. Uwarta ta ce ta nemi aikin ofis mana, mai hita da fulawa a taga. Tinne ta ce ba ta yi amai wata goma a teku don ta zo ta shayar da fulawa ba.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Taurin kai ne kawai, kuma kai ka fi ta.

Mataki na 4: Ka tuna katako katako ne

Kowa ya san al'adar tasha. Tsohon danej da aka kwashe daga jirgin da ya sauke kaya ba shi da mai shi. Wani ya kai murhu, wani ya yi shingen lambu, wani ya yi wa jikansa gado. Rabin rumfunan bayan gida daga nan har Stabroek, ƙauyen su Staf, da shi aka yi su, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Sabon danej kuwa, wanda aka busar a tanda aka buga masa hatimi, aka shafa wa bakinsa shuɗin fenti, wannan na jirgi ne.

To amma kai mai tunani ne. Me ya sa ƙarfe, wanda ba ya jin sanyi ba ya jin ciwo, zai kwanta a kan sabon katako, alhali tantabarunka suna kwana a ɗaki mai yoyo? Haka Staf ya tambayi kansa. Yana da tantabarun tsere arba'in da biyu, kuma ya daɗe yana son yi musu sabon ɗaki. Aka kawo sababbin falankai ɗari da sittin don wani jirgi da zai kai naɗin ƙarfe Meziko. A kwana uku 'yar tirelar da yake ja da motarsa ta kwashe su tas. A gurbinsu ya sa aka jawo tsohon tari daga bayan sito, wanda ya yi mako uku yana shan ruwan sama.

Ba sata ba ce. Musaya ce. Ka riƙe wannan kalma, za ta yi maka amfani wajen barci.

Mataki na 5: Ka nuna hoto

Alherin da ba a gani ba asara ne. Ranar Talata a ɗakin hutu Staf ya fito da waya yana nuna wa mutane sabuwar tantabararsa, mai fari a wuya, wadda ta dawo daga Faransa ta riga ta kowa a unguwa. Waya ta yi ta zagaya tebur. Swa, don bai san ka'ida ba, ya miƙa wa ta bakin ƙofa.

Tinne ta duba. Tantabara ce kyakkyawa, tana tsaye a kan wani tari a cikin gareji, an jera shi tsaf, kowane baki shuɗi.

"Tubarkalla," ta ce, ta mayar da wayar.

Kada ka damu da abin da ke bayan hoto. 'Yan makaranta rubutu kawai suke iya karantawa.

Mataki na 6: Ka zaɓi ranar da jirgi ke sauri

Nan ne aikin yake. Jirgin Meziko zai fita ranar Laraba, an ba shi ƙarfe huɗu na yamma ya wuce ta ƙofar ruwan da ake buɗe wa jirage su fita tasha. Idan ya rasa wannan, sai washegari. Irin wannan ranar ba wanda ke da lokacin caka allura.

Ka tura ta wani wuri tukuna. Staf ya ce mata mataimakin kyaftin yana neman ta a rumbu na ɗaya. Kafin ta gano ba wanda ke neman ta, an shimfiɗa falankai a rumbu na biyu, injin ɗaga kaya ya riga ya ɗora naɗin ƙarfe takwas a kansu, kowanne tan ashirin.

Tun tana kan tsani ta ji warin. Jiƙaƙƙen katako yana da warinsa, kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta durƙusa ta caka allura. Danshi arba'in da ɗaya cikin ɗari. Ta caka wani. Talatin da tara. Abin da take karɓa bai wuce goma sha takwas ba.

"A tsayar da inji," ta ce.

"Wa ya ce?" in ji Staf.

"Ni na ce. A ɗaga takwas ɗin nan, a kwashe wannan."

"Ke yarinya, ƙarfe ne fa, ba biskit ba."

"Ƙarfen mota ne, Oga Staf. Za a rufe murfi a kansa da sanyinsa. Kwana goma jirgi ya shiga zafi, katakon nan ya saki ruwansa, ruwan ba shi da wajen zuwa sai jikin ƙarfe. A Meziko tsatsa za su sauke. Su kuma za su duba takarda su ga hannun wa ke ciki."

"Shekara talatin da ɗaya ina..."

"Na sani. Kullum sai ka faɗa. Katakon bai ji ba."

Swa ya juya baya yana tari, irin tarin da kafaɗu ke rawa.

A nan ka ɗaga murya. Duk abin da ka rasa a hujja ka cike shi da maƙogwaro. Staf ya yi ihu har na rumbu na ɗaya suka leƙo. Ya nemi mataimakin kyaftin, wani ɗan Filifin mai suna Abalos, ya ce masa ya rufe murfi idan an gama, a yi sa hannun daga baya. Abalos ya taka falanki ɗaya da takalminsa, ruwa ya fito ta gefe.

"Ni hannunta nake jira," ya ce, ya koma sama abinsa.

Mataki na 7: Ka kira manaja

Manaja makami ne, kuma ba shi da nauyin ɗauka. Mista Ceulemans ya iso da lema da takalmi mai sheƙi, ya tsaya a bakin rumbu, bai sauka ba. Tinne ce ta hau ta same shi.

"Tinne, Tinne," ya ce da muryar da ake lallashin yaro. "Jirgi guda za ki tsayar saboda katako?"

"Saboda ruwan da ke cikinsa."

"Ina busassun da aka kawo?"

"Sun ƙare," in ji Staf da sauri. "Jirage sun yi yawa makon nan."

Ceulemans ya buga waya, aka ce masa sabo sai gobe da rana. Ya mayar da wayar aljihu ya dubi Tinne.

"Kin san dai jibi Juma'a."

"Na san ranakun mako, Mista Ceulemans." Ta zaro biron nan daga aljihu ta miƙa masa tare da takardar. "Ga wurin. Ka sa naka hannun, sai a rufe."

Ya dubi biro kamar an miƙo masa maciji. Ya ce yana da taro, su sasanta kafin ya dawo.

Abin lura: manaja yana son a sa hannu ƙwarai da gaske. Hannun wani.

Aka bar ta tsaye a ruwan sama, mutum goma sha huɗu suna kallon ta, inji a tsaye, agogo yana tafiya. Ta san idan ta sa hannu yau za ta sami aikin jibi, tsatsa kuma ba za ta bayyana ba sai bayan mako uku. Ta yi wannan tunanin har ƙarshensa, ta mayar da biro aljihu.

Mataki na 8: Idan ta yi maka magana a hankali, ka ji tsoro

Wannan matakin ba ya cikin shirin Staf, amma tun da ya faru dole in sa shi.

Tinne ta same shi a gindin inji, inda ba mai ji.

"Oga Staf, tantabarar nan taka mai fari a wuya. Ta burge ni."

Ya juyo ya dube ta, ta ci gaba.

"Abin da take tsaye a kai ma ya burge ni. Daga nan zuwa Stabroek minti ashirin ne. Ni zan je ofishin bakin ƙofa in sha kofi, in zauna ina kallon bango. Motar da za ta fita da wadda za ta shigo, ban gan su ba."

"Barazana kike yi min, yarinya?"

"Katako nake nema."

Ta tafi, ba ta waiwaya ba.

Sawu uku 'yar tirelar ta yi. Matar Staf tana tsaye a taga da hannu a ƙugu. Swa, da aka ɗauka ya taya lodi, ya ce tun da yake bai taɓa ganin danej ya je hutu ƙauye ya dawo ba. Staf ya ce idan ya sake buɗe baki zai koma a ƙafa. Goma sha biyu daga cikin falankan an riga an yanka su daidai tsawon ƙofar ɗakin tantabaru, Tinne ta ce za su yi weji.

Aka ɗaga naɗin ƙarfe takwas, aka kwashe jiƙaƙƙen, aka share ƙasa aka bushe ta. Ita kuma ta caki sabon, ba ɗaya cikin goma ba kamar yadda aka saba, duka, ɗaya bayan ɗaya, Staf yana tsaye a kanta. Goma sha huɗu. Goma sha uku. Goma sha huɗu. Aka jera su daga gefen jirgi zuwa gefe, aka sauke ƙarfe, aka buga weji. Ƙarfe shida da rabi ta sa hannu. Jirgi ya kwana a tasha.

Ceulemans ya dawo daga taronsa ya ga shuɗin baki a rumbu. Staf ya ce wani abokinsa ne a wata tashar ya ara masa.

"Da ba don kai ba, Staf," in ji manaja, yana dafa kafaɗarsa. Tinne kuwa ko kallon ta bai yi ba.

Ka gani? Har yanzu kai ne a sama. Kai ka ceci jirgi, ita ta makarar da shi. Saura ka ƙarasa.

Mataki na 9: Ranar Juma'a, ka faɗi ra'ayinka

A kamfanin nan ba a yanke wa ɗan gwaji hukunci sai an ji ta bakin heluma, a gabansa. Wata shida Staf yana jiran wannan minti. Ya ma shirya jawabinsa a mota: ba ta jin magana, ba ta iya zama da mutane, ta tsayar da jirgi.

Takardu biyu ne a kan teburin Ceulemans, ɗaya mai kauri ta ɗaukar aiki, ɗaya falle guda ta sallama. Hannunsa yana kan fallen.

"To, Staf. Maganarka nake jira. Ni dai na ga abin da na gani shekaranjiya."

Tinne tana zaune, hular kwano a cinya, yatsu duk filasta, tana kallon injinan ɗaga kaya ta taga. Ba ta dubi Staf ba ko sau ɗaya.

Staf ya buɗe baki. Sai lissafi ya zo masa, irin wanda ya kamata ya zo tun Talata. Yarinyar da aka ba aiki tana da dalilin yin shiru. Wadda aka kora fa? Za ta miƙe, ta ajiye hula, kuma kafin ta kai ƙofa ba abin da zai hana ta cewa, af, Mista Ceulemans, ka tambaye shi sunan abokin nan nasa. Saura shekara huɗu ya yi ritaya.

"A bar ta," ya ce.

"Me ka ce?"

"Na ce a bar ta."

"Kai da ka yi wata shida kana cika min kunne?"

Staf ya gyara zama.

"Ta san katako. Ta san aiki. Ka ba ta takardar mu tafi, akwai jirgi a bakin tasha."

Gaskiyar magana, ko an kore ta Tinne ba za ta faɗa ba. Ba tausayinsa take ji ba, abin ne ta raina, ba ta ga ya kai ta ɓata bakinta a kansa ba. Amma Staf ba shi da hanyar sanin haka, domin da shi ne a kujerarta da tun a tsani ya tona.

Ceulemans ya ɗage hannu daga fallen ya turo mai kaurin. Shafi huɗu ne. Tinne ta karanta su duka, layi layi, mazan biyu suna jira, har ta nuna wani wuri da aka rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba, aka gyara. Sannan ta sa hannu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawarwarin nan. Ciwon baya daga lodin tirela, harara daga matarka, tantabarun da suka sake cin hunturu a ɗaki mai yoyo, dariyar da ake yi da ka juya baya, duk naka ne, kai ka ɗauko. Alkawarin da aka yi maka a farko an yi shi ne da zaton yarinyar irin wadda kake tunani ce. Idan aka yi rashin sa'a ta zama irin Tinne, kada ka nemi kowa. Ka dai tashi da wuri. Ranar Litinin ita za ta duba lodinka, da Talata, da duk ranakun da suka rage maka kafin ritaya.